Tikitin Shiga Rami

A Herne, kakata ba ta yin shanya
sai ta duba inda iska ta dosa.
In daga masana'anta take busowa,
farin zane kan koma bayan tukunya
kafin dankali ya nuna.
Yau shanya fes take bushewa,
amma ban ji mai gode wa iskar ba.

Kakana Ewald, shekara talatin da ɗaya
yana sauka inda rana ba ta da iko.
Can ƙasa, in ji shi, kowa baƙi ne wuluk:
shi da ubansa ya zo daga Poland,
da Nevzat na bakin Baƙin Teku,
haƙora kawai ke bambanta su,
su ma na Nevzat sun fi.
A wurin wanka wannan ya cuɗi bayan wancan,
ba a tambayar sunan uban kowa.

Ran Lahadi yakan hau rufin ɗaki
ya saki tattabarunsa,
ya ɗaga kai har wuya ya ƙage.
Wanda ya kwana shida a cikin ƙasa
ba a hana shi kallon sama.

Jiniya ta yi shiru tun ban yi wayo ba.
Tsibin ɓaraguzan da suka tono
ya yi ciyawa, an kafa masa benci,
masu keke na hawa don motsa jiki.
Ƙasa kuwa ta lotsa, ba ta manta ba:
dare da rana injuna na zuƙe ruwa
don kada unguwa ta zama tafki.
Ramin da ya daina ciyar da mu
har gobe mu ke ciyar da shi.

Ni nake sayar da tikiti yanzu
a ƙofar wani ramin da ya zama gidan tarihi.
Ina raba wa baƙi kwalkwali mai tsabta,
su ɗauki hoto, su sayi gutsuren kwal a kwalba.
Jiya wani yaro ya tambaye ni
ko da gaske mutane suka shiga.

Na so in ce, zo gidanmu da asuba,
ka ji tarin Ewald ta bayan bango,
yana fito da ramin kaɗan-kaɗan
cikin hankici.

Sai na ce, da gaske ne.
Sunkuya, rufin ba tsawo.