Bahaguwa

A lakwal ɗin Bagalam, aji na fari,
Mushe Illa ya ɗaure mini hagu da igiyar rama
a ƙafar benci.
Ya ce, "Sahura, dama ita ce hannun mutane."
Na riƙe alli kamar mai riƙe da kunama,
baƙaƙena suka kwanta rigingine,
ƴan aji suka yi ta dariya har aka buga ƙarfe.

A gida ma haka.
In na kai hagu ga muciya,
ludayin Inna ya riga ni sauka.
Na koyi ci da dama, na koyi miƙa da dama,
wannan ladabi ne, ban ƙi ba.
Amma har zare da allura?
Har tsifar kaina?

Shekara goma sha ɗaya ina aron hannu.
An ce zanen aro ba ya rufe katara,
to hannun aro ma ba ya ɗinka zane.

A rumfar Nomau tela, bakin babbar kasuwa,
na kashe atamfar wata mata daga Tibiri,
turmi guda, na bikin ɗiyarta.
Nomau bai zage ni ba, da ma zagin ya yi.
Ya ce, "Je ki saro zogalen Jiratawa,
ba kowa aka yi wa ɗinki ba."

Ban tafi gida ba.
Na gangara gulbi, lokacin rani ne,
babu ruwa, sai rairayi da sawun shanu.
Na zauna ina kuka.
Can na duba ƙasa,
ashe hagu, ba tare da ta yi shawara da ni ba,
ta zana wuyan riga a kan rairayi,
zagaye sumul, babu gargada.

Na daɗe ina kallonta
kamar ƙanwar da na yi shekaru ina kunyar a gan mu tare.

Washegari na je Mokoyo, maƙerar Jadi,
da tsohon almakashi a ƙulle cikin gefen zane.
Na ce a juya mini bakinsa.
Ya ɗago kai daga zuga-zugi,
"Wa ya aiko ki?"
Na buɗe baki in kama sunan wani,
sai na ga babu.
Na ce, "Ni ce."
Ya karɓi jikka ɗaya da rabi.

Kada ku ɗauka daga nan aka yi guɗa.
Wata bakwai ina yankan buhun siminti,
in an ɗauke wuta in kunna aci-bal-bal.
Na sayar da jar akuyata, mai haihuwar tagwaye,
na sayi keke da ya girme ni.
Rigar farko ta fito da hannu ɗaya ya fi ɗaya.
Babu mai jira, babu mai tambaya,
da na daina, ko kaza ba za ta sani ba.
Sai wani abu nan, ƙarƙashin haƙarƙari,
kamar garwashin da aka binne a toka,
kullum asuba in tona, in same shi da rai.

Yau ina da shago a unguwar Zariya,
keke biyu, ɗaya na tari.
Ban yi kuɗi ba, haya na cin rabi.
Inna har gobe takan kau da kai in ina yanka,
amma rigar da take zuwa suna da ita
wannan hannun ne.

Shekaranjiya aka kawo mini wata yarinya, Habsu.
Na lura in ta ɗauki allura
sai ta saci kallona, ta sauya hannu.
Ban ce mata komai ba.
Na ajiye almakashin Jadi a gefenta na hagu,
na fita sayen zare,
na kuma daɗe a hanya.