Mai Riƙe Igiya

A Ankara muke, amma ba mu ankara ba,
sai da tarun Ataa Okai ya maƙale a ƙasan teku.
Ya ja, ya ja, bai taso ba.
Ɗansa ya nutsa, ya fito leɓe na rawa:
"Ƙarfe ne, tsawon mutum a kwance,
kuma ba anga ba."

Tun yaƙin da ya kai kakana Bama yake nan, in ji manya.
Tsatsa ta ɗinka masa riga,
kaguwa ta haihu a gindinsa,
ya yi shekara tamanin yana barci,
amma barci ba mutuwa ba.

Wani mai anini a kafaɗa ya ce, "A tashe shi nan take,
ƙara ɗaya, mu koma gida."
Gambo ya sunkuyar da kai.
Gambon Sabon Zango, abokina tun muna satar wanka a Chorkor,
wanda uwarsa ke soya kifi a bakin tasha.
Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙara ɗaya ce,
amma gobe teku za ta yi fari da cikin kifi,
har kififiya ba za ta tsira ba.
Ba a kashe kunama da rushe ɗaki."
Aka yi shiru. Ba a ce masa a'a ba.

Muka jira Talata,
ranar da Gaawa ke barin teku ta huta,
kwale-kwale duk a kan yashi, ƙarƙashin hasumiya.
Muka zagaye shi da mesa mai ƙananan huji,
iska ta shiga, kumfa ta tashi ta zama labule.
Muka buga ƙarfe a ruwa kamar masu tashin sahur:
ku tafi, ku tafi, yau ba ranar zama ba.

Sannan Gambo ya goya tukunyar iska,
ya yi bisimilla cikin roba, ya sauka.
Ni aikina igiya.
Ja ɗaya, lafiya. Ja biyu, sako. Ja huɗu, fito da ni.
Ban taɓa sanin tafin hannu na da kunne ba
sai ran nan.
Minti sha tara.
Gishiri na cin idona, ban ƙifta ba.

Ƙaramar nakiya ya ajiye, ba ta kai ƙwallon dokunu ba,
don ta huda fata kawai,
cikin ya ci kansa a hankali
kamar gawayi a murhun mai koko.

Ja ɗaya. Ja ɗaya. Ya fito.
Muka yi nisa, muka ƙirga.
Abin da muka ji bai fi tarin tsoho a ɗaki ba.
Ruwa ya yi gyatsa, ya kwanta.

Ba zan yi ƙarya ba, kifi goma sha ɗaya sun taso.
Gambo ya ƙirga su da yatsa, ya daɗe bai yi magana ba.
Muka ɗebi ruwa a kwalabe don masu awo,
muka kwashe ɓaraguzai a kwando.

Laraba da asuba Ataa Okai ya tura jirginsa.
Uwar Gambo ta hura wuta.
Ni kuwa shatin igiya na nan a hannuna,
har yau ban shafa masa mai ba.