Hannun Nomau

Shekara tara ina tuƙa shi,
Maraɗi zuwa Yamai, Yamai zuwa Maraɗi.
Na san kowane rami a kwaltar Ƙonni,
na kuma san hannunsa na dama.

Ranar dokar haraji kan masu tebur
hannaye suka miƙe a majalisa kamar karan dawa.
Nasa na bisa gwiwa.
Da aka ce su wa suka ƙi,
daga shi sai wani tsoho mai tari.

Ranar kuɗin taki ya ce i,
'yan adawa suka ce an saye shi.
Ranar ƙara wa fadar gwamnati motoci ya ce a'a,
minista ya bar ba shi hannu a masallaci.
Rijiyar da aka fara wa Bagalam
ta tsaya a gaba uku,
har yau awaki ke leƙa ta.

A hanya ba ya magana.
Sai mun wuce Gidan Rumji ya ce,
"Ilo, tsaya mu sayi ƙuli."

Zaɓe ya zo, unguwa ta ce
a'a ba ta cika tulu.
Ban ga laifinsu ba,
matata ma sayen ruwa take.

Yanzu yana rumfar gyaɗa a babbar kasuwa.
Jiya na tarar wani na neman ragin tiya,
sai na ga hannun ya koma bisa gwiwa.
Na ce wa mutumin, Malam, biya kawai,
rana na yi.