Ba Kuza Suka Zo Nema Ba

A Farin Gada na tsince su, su biyu,
kowa da jaka a gadon baya
kamar kunkuru ya miƙe tsaye.
Lo Feng dogo, tabaraunsa ɗaure da zare,
Shiyu gajera, takalminta ya sha jar ƙasa.
Kwana goma sha ɗaya suna hanya,
mota ta mutu da su sau uku,
sau ɗaya da akuyar wani a cinyarsu.

Mai shayi ya ce, "Kuza ce."
Mai faci ya ce, "Kuza ce mana,
ɗan Sin ba ya hawa dutse a banza."
Ni dai Garzali, abin da na sani,
dubu huɗu a wuni, da abincin rana.

Muka shiga tasi mai ƙofa ɗaure da igiya.
A shingen farko aka zazzage jakunkuna:
safa, tocila, taliyar leda, littafin tsuntsaye.
A na biyu mai kaki ya girgiza littafin
ko dutse mai tsada zai faɗo.
Busasshen fure ya faɗo.

Shiyu ta yi wa wayarta magana,
wayar ta juyo mini da Hausa:
"Ina ƙaramar wuta take kwana?"
Na ce, to fa, yau ake yin ta.

Ruwan Agusta ya tare mu a gindin Shere,
sanyin Jos ya shiga har ɓargo.
Tantinsu ya kife tun kafin isha'i,
muka kwana a rumbun Baba Izang,
tsakanin buhunan acca da ƙaiƙayi,
sauro na yi musu sannu da zuwa.
Lo Feng ya yi ta magana da yarensu cikin duhu.
Ban ji ko kalma ba,
amma mita ba ta buƙatar tafinta.

Da asuba muka hau.
Rema ta leƙo daga kogo, ta raina mu, ta koma.
Wani jan biri ya zauna kamar mai karɓar haraji,
ya bar burodi, ya bar gyaɗa,
ya fizge tabaraun Lo Feng
ya haye ɓaure yana lasar gilashin.
Kyamarar Shiyu kuma ta sha ruwa jiya,
ta ƙi ko motsi.

A nan ne Baba Izang ya ɗaga yatsa.

Bisa wani falalen dutse, bayan ƙerana,
ga wata 'yar tsuntsuwa, ba ta kai babban yatsana ba,
'yar uwar waɗanda ke tsince tsaki
a gindin turmin innata,
waɗanda nake kora da takalmi.
Shiyu ta toshe bakinta da hannu biyu.
Lo Feng ya ƙanƙance ido, hazo kawai yake gani,
ya kama hannuna yana girgizawa.

Sai na shiga faɗa masa, da Hausa:
Ƙirjinta ja ne kamar garwashin mai tsire,
kanta toka-toka, bakinta ruwan ƙarfe,
ga ɗigon fari a haƙarƙari
kamar an yayyafa mata gishiri.
Ta juya. Ta sha raɓa. Ta dube mu.
Yana gyaɗa kai, hawaye na bin kuncinsa,
har ta tashi.

Shekara ashirin da shida ina garin nan,
sai da makahon baƙo ya ari idona
na ga abin da ke bayan gidanmu.

Da na dawo mai shayi ya ce, "Buhu nawa?"
Na ce, "Tsuntsu ɗaya."
Ya yi dariya har ya zubar da madara.

Jiya innata ta aike ni niƙa,
na daɗe ban fita ba.
Ina tsugune a gindin turmi.