Hular Wayoyi a Gdańsk

A hawa na huɗu, daura da tsohuwar maƙerar jiragen ruwa,
Wiesława ta shafa mini wani mai sanyi a tsakar ka,
ta kifa mini hula mai wayoyi goma sha tara.
Ta ce, "Bogumił, rufe ido, bi numfashinka,
kada ka tuna kowa."
Sai na tuna kowa.

Shekara ashirin da biyu ina jan tarago mai lantarki
daga Brzeźno zuwa tsakiyar gari,
ni da ƙarfen dogo, ba mai tsinka wa wani magana.
Yanzu kamfani ya ce in sauko daga kujera
in riƙe direbobi arba'in.
Shi ya kawo ni gaban mai horar da shugabanni.

Allo ya cika da zane, tudu da kwari,
kamar tekun Baltik ran da iska ta tashi da fushi.
Ta nuna da bakin biro: "Nan bayan goshi
akwai majalisa mai auna magana kafin ta fita.
Taka takan kai dare ba ta tashi ba.
Can ciki kuma, inda hular ba ta kaiwa,
akwai wata aba kamar ƙwayar gyaɗa,
mai gadi ce.
Ta wasu sai an fasa ƙofa take farkawa.
Taka, ko ganye ya faɗi, ta hura usur."

Tambaya ɗari da ashirin na amsa.
Na'ura ta tauna, ta tofo launi:
wai ni shuɗi ne,
mai shiru, mai lissafi, mai gudun taro.
Leszek, wanda ya so kujerar nan, ba sai an auna ba,
ja ne tun daga murya.

Na ce, "To ina aka rubuta safiyar Janairu,
kan kwanar Wrzeszcz, ƙanƙara kamar gilashi,
yaro a keke, jaka ja a bayansa?
Hannuna ya ja birki kafin idona ya gama gani.
Mai gadin da kike so in lallasa
ita ta mai da shi gida wurin uwarsa."

Ta ajiye biro. Ta daɗe tana kallon taga,
inda ƙugiyoyin tashar ruwa suka sunkuya cikin hazo.
"Ban ce ka kore ta ba," in ji ta.
"Launin nan laƙabi ne, ba sunan yanka ba.
Na'urar tana jin hayaniyar gida daga bayan katanga,
ba ta san wa ke kuka, wa ke dariya ba."

Na ce, "Ai hali zanen dutse ne."
Ta ce, "Dutsen bakin teku fa?
Je ka duba abin da ruwa ya yi masa.
Jijiyoyin kai kamar turba ce a ciyawa,
inda ƙafa ta yawaita, nan take fitowa.
Aikinka ɗaya: a kowane taro,
faɗi jimla guda kafin majalisarka ta gama zama."

Litinin, huɗu da rabi na asuba, a gareji.
Dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗun riguna,
kofunan gahawa na hayaƙi,
Leszek ya cika ɗakin da labarin ƙwallo.
Usur ya tashi a ƙirjina.
Na ce mata, na ji, na gode, tsaya nan kusa.
Na buɗe baki:
"Layin Oliwa da santsi, ku sassauta a kwana."

Shi ke nan. Muryar ma ta ɗan karye.
Leszek ya ɗaga gira, ya kurɓi gahawa.
Dobrawa, sabuwar direba, wata uku da fara aiki,
ta ciro biro daga bayan kunne
ta rubuta a tafin hannunta.