Minti Talatin a Kafaɗata

Ƙarfe biyu da kwata, Gwammaja ta yi tsit,
sai janaretan maƙwabci da ya ƙi mutuwa.
Rumasa'u ta miƙo min ke, idonta a rufe:
"Ta sha. Karɓe ta. Kar ka kwantar."
Kafin in ce to, barci ya sace ta a zaune.

To ga mu, ni da ke, Nusaiba,
kanki a kafaɗata, tsumma a tsakani,
ina awon ɗaki da ƙafa,
taku bakwai zuwa ƙofa, bakwai zuwa taga,
ina bubbuga bayanki a hankali
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.

Ban san akwai ranar da mai gemu kamata
zai yi hamdala don an yi masa gyatsa a kunne ba.

Likitar yara ta ce ƙofar cikinki ce
ba ta gama koyon rufewa ba.
Kaɗan-kaɗan, in ji ta, amma a kai a kai,
a riƙe ki a miƙe bayan kowane sha,
in za a kwantar kuma, rigingine, ba matashi.
Inna kuwa tafa hannu ta yi:
"Mai tumbuɗi ai shi ke ƙiba!
Kai ma zanina shida ka kashe."
Ta kawo jiƙo a kwalba.
Na karɓa da hannu biyu, na ɗora a kan durowa.
Yana nan har yau, ƙura ta yi masa hula.

Jiya a shago ina kan keke,
Tasi'u mai guga ya shinshina ni, ya ce,
"Sabi'u, kindirmo ka koma sayarwa?"
Aka yi dariya, na taya su.
Ban gaya musu daren Laraba ba,
da gajiya ta ce min minti goma ya isa,
na shimfiɗe ki,
kika banƙare, kika yi jajir,
nonon ya biyo ta hanci,
na tsaya da ke a hannu ina kiran uwarki
da muryar da ban san ina da ita ba.

Tun ranar nake biyan agogo bashinsa cif.

Yanzu saura minti huɗu.
Numfashinki ya yi laushi a wuyana,
hannunki ya saki kwalar rigata.
Kafaɗar nan ta mutu tun ɗazu, ban sauya ba.

Talata akwai awo.
Wancan makon allurar sikeli ta ɗan gusa,
gusawar da ba ta kai faɗin farce ba,
Rumasa'u ta riƙe katin har gida
kamar takardar fili.

Na sunkuya, na ajiye ki kamar ƙwai a faranti.
Na zare hannu ɗaya. Na jira.
Na zare ɗayan.

Ƙarfe huɗu za ki sake nema.
Na riga na wanke tsumma, yana kan igiya.