Hudar da Tsinken Rogo Ya Bari

Kwalabe bakwai na maganin tari
uwata ta bari a ƙarƙashin gado,
masu ruwan ƙasa, takardar jikinsu ta jeme.
Damina biyu babana Narh bai taɓa su ba.
Ya daka na giya, ya daka na turare,
har gilashin tagar da iska ta ɓalle a Somanya,
amma waɗannan, ko tsintsiya ya hana ta leƙa can.

Ran nan kafin zakara
na ji turmin ƙarfe yana amsa wa taɓarya.
Na fito, na same shi da ƙyalle a hanci,
yana tankaɗe abin da ya rage na jinyarta.
Bai ce mini zo ba, bai ce mini tafi ba.
Ya miƙo mini damin tsinken rogo:
“Maku, yanka su daidai da gaɓar yatsa.”

Kowane gurbi na yumɓu, tsinke ɗaya a tsakiya,
gari ya zuba ya kewaye shi shiru.
Tanderunmu da ƙasar suri aka gina shi,
gara ta yi aikin fari, mu muka gāda.
Wuta ta ci itace har hantsi,
gumi na bin haɓarsa yana ɗiga a toka.

Da muka fito da su, babu tsinke ko ɗaya.
Ya ƙone, ya tafi, ya bar ƙofa.
Na ɗaga guda na kai ido,
na hango dutsen Krobo ta cikin hudar,
ɗan ƙarami, kamar ƙwayar barkono.

Na goge su da yashi da ruwa a kan fā
har tafin hannuna ya yi ja.
Launin zuma ya fito, wanda rana ta ratsa.

Ranar Laraba a kasuwar Agomanya
wata mai jakar fata ta taya su sau uku.
Babana ya sayar mata da shuɗɗan, da korayen,
ya tura waɗannan ƙarƙashin tabarma da ƙafa.

Yanzu suna ƙuguna, arba’in da ɗaya,
ɗaya ta tsage a wuta, ita ma na shirya ta.
In na yi sauri a hanyar rafi
sukan yi ’yar ƙara, ƙasa-ƙasa,
kamar mai gyaran murya a ɗaki na kusa.